Gani Ya Kori Ji: Tarihin Masu Zuwa Duba Makaranta a Yerwa

Gabatarwa

A ƙarshen daminar bara, ina zaune a ofis ina fama da takardun jarrabawa, sai wani dattijo ya yi sallama, 'yarsa na biye da shi riƙe da ambulan. Daga Azare suka taso tun da asuba. Yarinyar ta gama sakandare, tana shirin cike fam ɗin shiga jami'a, shi kuwa uban ya ce ba za ta rubuta sunan makarantar da bai taɓa gani da idonsa ba. Bayan mun gaisa, ya ce: "Malam, mun zo ne mu ga wurin, mu kuma ga masu koyarwa." Na daɗe ban ji irin wannan magana ba, domin galibin ɗalibanmu ranar rajista ce ranarsu ta farko a harabar jami'a. Wannan ziyara ita ta sa na ga ya dace a waiwayi tarihin wannan ɗabi'a a ƙasar Borno, wato ɗabi'ar zuwa a duba makaranta kafin a shige ta: yadda take a da, abin da ya kashe ta, da kuma abin da ya tilasta mata dawowa.

Zuwa Gabas

Duk Bahaushen da ya tashi a gidan da ake karatun allo ya san ma'anar a ce wane "ya yi Gabas". Ba a nufin Makka, ba a nufin Misira. Borno ake nufi, da garuruwan da ke kan hanyarta irin su Nguru da Gashuwa da Gaidam, har zuwa Kukawa da Dikwa. Wannan suna bai samu a banza ba. Sarakunan Kanem na gidan Saifawa sun karɓi Musulunci tun wajejen ƙarshen ƙarni na 11, zamanin Mai Hume, kuma a shekarun 1240 mutanen Kanem suka bayar da kuɗin da aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Masar, domin ɗalibansu da alhazansu su sami masauki da wurin karatun fiƙihun Malikiyya, kamar yadda masanin tarihin Masar, al-Maƙrizi, ya ruwaito. Ashe ke nan mutanen wannan ƙasa sun san ciwon baƙon ɗalibi tun kusan shekaru ɗari takwas da suka wuce, don su ma sun yi baƙunci.

Da daular ta komo yammacin Tafkin Chadi, Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu a wajejen shekarun 1470, sai birnin ya zama matattarar malamai. Sarakuna sukan ba wa gidajen malamai wata takarda da ake kira mahram, wadda take ɗauke musu haraji da fita yaƙi. Mai karatu ya lura da hikimar da ke cikin wannan: malamin da ba ya biyan haraji, kuma ba a fizge almajiransa a kai su fagen daga, yana iya saukar da baƙi ya ciyar da su daga gonarsa. Ƙasar Hausa ta sha daga wannan rijiya. Waliyyi Ɗanmasani na Katsina, wanda ya rasu a 1667, asalinsa Borno ne, shi ya sa ake yi masa laƙabi da al-Barnawi. Hatta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi musayar wasiƙu masu zafi da Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi a kan halaccin jihadi a Borno, ya amince a cikin Infaƙul Maisuri cewa mutanen Borno sun yi fice wajen karatun Alƙur'ani da haddarsa da rubuta shi. Shaidar abokin gaba kuwa ta fi ta masoyi nauyi.

Abin da ya fi damun mu a nan shi ne yadda almajiri yake zaɓen wurin da zai zauna. Babu fam, babu jarrabawar shiga, babu ranar rufe karɓa. Gardi yakan ji labarin wani gwani a bakin fatake ko abokan ci-rani, sai ya ɗaure allonsa da 'yar tabarmarsa ya kama hanya. Idan ya isa, ba ya cewa ya zo karatu nan take. Yakan sauka a matsayin baƙo, ya kwana biyu ko uku, ya zauna a bayan da'ira yana saurare. Yana sauraren yadda malam yake fitar da haruffa, da yadda yake gyara wa mai darasu kuskure, ko da haƙuri ko da tsawa. Yakan karɓi allunan almajirai ya duba satunsu, domin hannun almajiri shi ne shaidar malaminsa. Yakan kuma duba abin da ba karatu ba: ina rijiya, ina gonar da za a yi wa malam noma, mutanen gari suna bayar da sadaka ko sun gaji da almajirai. In abin ya kwanta masa, ya kafa bukkarsa. In bai kwanta ba, ya yi sallama cikin ladabi ya ƙara gaba, kuma babu wanda zai ga laifinsa. Uban da zai bayar da ƙolo ma haka yake yi; yakan je da ƙafarsa ya ga malamin, su haɗa ido, sannan ya danƙa amana.

Wato dai a wancan tsari malami ake zaɓa, ba gari ba, ba gini ba. Shi ya sa har gobe idan aka tambayi alaramma inda ya yi karatu, sunayen mutane zai jero, garuruwan kuwa sai dai su biyo baya. Harshenmu ma ya ajiye shaidar wannan zirga-zirga. Kalmar gwani ita ce goni ta Kanuri, abin da muke kira tsangaya kuwa su sangaya suke ce masa. Abin sha'awa, lokacin da masana Hausa suka zo neman sunan da za su ba wa rukunin sassan jami'a, wannan kalma ta tsangaya suka ɗauko. Saboda haka yarinyar da ta zo daga Azare tana tambayar ina ne Tsangayar Fasaha, da kalmar kakanninta masu zuwa Gabas take tambaya, ko da ba ta sani ba.

Lokacin da Gabas ta dubi Yamma

Gazargamu ta faɗi a 1808, al-Kanemi ya kafa Kukawa a 1814, Rabe ya rushe ta a 1893, shi ma Faransawa suka kashe shi a Kusiri a 1900. Yerwa da muke ciki yarinya ce a cikin biranen Borno, domin sai a 1907 Shehu Abubakar Garbai ya tare a cikinta, kusa da tsohon ƙauyen Maiduguri wanda daga baya sunansa ya rufe duka. Tsangayu sun biyo Shehu, Hausawa kuma suka biyo tsangayu da kasuwa, har aka sami unguwar Hausari.

Amma karatun boko ya juya alƙiblar tafiya. Ɗan Borno mai son ya wuce abin da makarantar lardi take bayarwa dole ya nufi yamma. Sa Kashim Ibrahim, wanda ya zama Gwamnan Jihar Arewa a 1962, a Kwalejin Katsina ya yi karatun malanta a shekarun 1920, kafin ya dawo koyarwa a Midil ta Borno. A wannan tsari babu zancen zuwa duba makaranta. En'e da jami'in ilimi ne suke zaɓen yaro, a sa shi a hanya, ya ga makarantarsa ranar da ya isa. Ko da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, nisan bai ragu ba, sai dai jirgin ƙasa da ya iso Maiduguri a 1964 ya ɗan sassauta wahalar.

Kafuwar jami'a

A 1967 aka ƙirƙiro Jihar Arewa maso Gabas, Maiduguri ta zama hedikwatarta. Gwamnatin jihar, ƙarƙashin Musa Usman, ta ga cewa 'ya'yanta ba sa samun gurbi a jami'o'i saboda ƙarancin masu takardar share fage, sai ta kafa Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Arewa maso Gabas, wadda tsofaffin ɗalibanta suke kira NECAS, a kan hanyar Bama. A 1975, lokacin da kuɗin man fetur ya yi yawa, Gwamnatin Tarayya ta ƙudiri ƙara jami'o'i bakwai a kan shida da ake da su: Maiduguri da Sakkwato da Jos da Kalaba da Kano da Ilori da Fatakwal. Jami'ar Maiduguri ba ta fara daga fili ba. A 1976 ta gaji gine-ginen waccan kwaleji, ajujuwa da ɗakunan kwana da gidajen malamai. Shugabanta na farko, Farfesa E. U. Essien-Udom, masanin kimiyyar siyasa ne da aka ɗauko daga Jami'ar Ibadan, mutumin kudu maso gabashin ƙasar nan. Bayansa Farfesa Jibril Aminu ya riƙe ta daga 1980 zuwa 1985, a zamaninsa ne aka buɗe asibitin koyarwa a 1983, sannan Farfesa Muhammad Nur Alkali, masanin tarihin Saifawa, ya karɓa.

Da wannan sai tafiya Gabas ta dawo da sabuwar riga. Samari da 'yan mata daga Kano da Katsina da Bauci da Yola, da kudancin ƙasar nan, har da Kamaru da Chadi da Nijar, suka riƙa zuwa karatun likita da lauya da aikin gona da likitan dabbobi. Kuma akwai abubuwan da ɗalibi zai samu a nan waɗanda da wuya ya same su a wani wuri. A sashen harsuna ana nazarin Kanuri da Fulfulde kafaɗa da kafaɗa da Hausa, abin da ke ba ɗalibin Hausa damar ya ga harshensa ta tagar maƙwabta. Akwai cibiyar nazarin hulɗar ƙasashen da Sahara ta raba, da cibiyar nazarin yankuna masu ƙarancin ruwa. Haɗin gwiwar wannan jami'a da Jami'ar Frankfurt ta Jamus ne ya kai ga tono jirgin ruwan Dufuna a 1994, kwalekwalen da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987, wanda awo ya nuna ya haura shekara 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Na sha tambayar sababbin ɗalibai ko sun taɓa jin labarin wannan jirgi kafin su zo. Da ƙyar ake samun hannu ɗaya a sama.

Dalili kuwa a bayyane yake. Kafin 1978 kowace jami'a ita take karɓar takardun masu neman shiga, abin da ya sa ɗalibi ɗaya yakan sami gurbi a wurare biyu ko uku, wani kuma ya rasa gaba ɗaya. Don magance haka aka kafa hukumar JAMB a waccan shekara. An gyara ɓarna ɗaya, ba shakka, kuma ba na cikin masu kiran a koma gidan jiya. To amma zaɓen makaranta ya koma aikin biro da ƙasidar kwasa-kwasai. Yaro yana zaune a Funtuwa ko Haɗejiya zai zaɓi jami'a da fanni daga jerin sunaye, bai san wanda zai koyar da shi ba, bai san abin da ake koyarwa ba. Da aka koma yin jarrabawar da kwamfuta gaba ɗaya a 2015, sai zaɓen ya faɗa hannun yaron shagon intanet, wanda yakan ce "wannan kwas ɗin ya fi sauƙin samu", a danna, a wuce wurin. Jarrabawar tantancewa da jami'o'i suka fara yi a 2005 takan kawo ɗalibi harabar makaranta na yini guda, amma wanda ya zo da fargabar jarrabawa ba ya ganin komai sai lambar kujerarsa. Ta haka ne muke samun ɗalibin da ya nemi lauya aka ba shi Hausa, ya shekara huɗu yana zaune a aji kamar wanda aka yi wa auren dole.

Ni kaina da wannan ƙaddara za ta same ni, ba don mahaifina ba, Allah Ya jiƙansa. Shi ya yi karatun allo a Gaidam, saboda haka da zan cike fam a 1999 ya ce sai mun je mun gani. Muka bi ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu, tafiyar kusan kilomita 600, muka kwana a Hausari wurin wani abokin karatunsa. Da gari ya waye muka shiga jami'a, muka bi inuwar darbejiya har sashen harsuna. Aka miƙo masa ƙasida, ya jujjuya ta, ba ya karanta boko, ya mayar ya ce shi malamin yake son gani. Wani malami, wanda ba zan ambaci sunansa ba don ba ya son haka, ya ba mu kujera, ya bar ni na zauna a bayan ajinsa yana koyar da waƙar baka. A wannan awa guda na san abin da zan yi da rayuwata. Sai daga baya na gane cewa abin da tsohon ya yi da ni, shi ne abin da ya yi da kansa yana gardi.

Shekarun rami

Mai karatu ya san abin da ya biyo bayan Yulin 2009, ba sai an tsawaita ba. Abin da ya shafe mu shi ne, ƙungiyar da ta ɗauki makami ta sa makaranta a sahun gaba na abokan gabarta. A Yulin 2011 aka rufe jami'a na wasu watanni, ɗalibai suka watse. A Satumbar 2013 aka kashe ɗalibai suna barci a Kwalejin Aikin Gona ta Gujba, a Fabrairun 2014 aka maimaita a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi, a Afrilun shekarar aka kwashe 'yan matan Chibok. Ƙauyen Larabci na Ngala, inda ɗaliban Larabci na jami'o'in ƙasar nan suke zuwa zama don goge harshe, dole ya yi hijira zuwa cikin Maiduguri. Ranar 16 ga Janairu, 2017, bam ya tashi a masallacin gidajen malamai na jami'a lokacin sallar asuba, Farfesa Aliyu Mani na fannin likitan dabbobi yana cikin waɗanda suka rasu. A Yulin wannan shekara aka yi wa ayarin masu binciken man fetur kwanton ɓauna a yankin Magumeri, aka kashe ma'aikatan jami'a, aka tafi da uku, ba a sako su ba sai a Fabrairun 2018. A shekarar 2017 ɗin ne aka haƙa rami mai tsawon kilomitoci a bayan jami'a don tare masu kutsowa daga daji. Makaranta ta koma birni mai ganuwa, kamar Gazargamu.

A waɗannan shekaru ne, abin mamaki, ziyara ta dawo. Iyaye suka daina yarda da ƙasida. Uba yakan biyo hanyar Damaturu, hanyar da a Fabrairun 2020 aka ƙone matafiya a Auno bayan dare ya riske su a bakin shingen shiga gari, don kawai ya ga inda ɗansa zai kwana. Amma tambayoyin sun canza. Ba a tambayar wane ne malamin, ko me ake karantawa a shekarar farko. Ana tambayar nisan ɗakin kwanan mata daga rami, da yawan sojojin da ke bakin ƙofa, da ƙarfe nawa ake hana fita. Ba na zargin kowa. Da 'yata ce ni ma abin da zan fara tambaya ke nan. Wasu sun duba sun juya da 'ya'yansu zuwa Kano ko Bauci ko Gombe. Wasu kuwa sun duba sun bar su, kuma waɗannan yara ne suka cika ajujuwa ana jin ƙarar bindiga daga wajen Dalori, malami ya ɗan dakata, ya ci gaba da lacca. A ganina, tarihin ilimi a Nijeriya bai riga ya biya waɗannan ɗalibai da malamansu haƙƙinsu ba.

Da tsoron bindiga ya fara lafawa sai ruwa ya zo. Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, kamar yadda ta yi ambaliya a 1994, ruwa ya mamaye unguwanni da dama, ya shiga asibitin koyarwa, aka dakatar da karatu. Sannan a Yulin 2025, bayan rasuwar Muhammadu Buhari, wanda shi ne gwamnan soja na Arewa maso Gabas lokacin da jami'ar take tsayawa da ƙafarta, Shugaba Bola Tinubu ya bayar da sanarwar sa mata sunansa, sanarwar da ta jawo gardama mai zafi, ƙungiyar malamai da tsofaffin ɗalibai da yawa suka nuna rashin amincewa. Wannan gardama ma tana da alaƙa da zancenmu: inda suna a kan fam shi ne kaɗai abin da mai neman shiga yake gani, dole suna ya yi nauyin da bai yi ba a zamanin tsangaya.

Jami'o'in Ingila da Amurka suna da ranakun da suke buɗe ƙofa ga 'yan sakandare da iyayensu, a zaga da su sassa, su zauna a aji, su yi wa malamai tambayoyi. Idan aka kawo wannan shawara a taron sashe, wasu sukan ce kwaikwayon Turawa ne, kuma babu kuɗi. Na farkon kuskure ne, don gardawan Gabas sun riga su. Na biyun kuwa, kujera ɗaya a bayan aji ba ta cin kasafi. Abin da take ci shi ne sirrin malami, domin wanda ya san baƙo zai iya shigowa ya saurare shi kafin ya zaɓe shi, ba zai riƙa karanto takardun da ya rubuta shekara goma sha biyar da suka wuce ba. Ina zaton wannan ne ainihin abin da ke sa mu sanyin jiki, ni ma ban cire kaina ba.

Dattijon Azare ya yi nasa tambayoyin na rami da ƙofa, na amsa masa iyakar sanina, ban ɓoye masa komai ba. Da ya gama, 'yar ta ɗago kai a karo na farko ta ce: "Malam, a nan ana koyar da rubuta littafi, ko nazarin na wasu kawai ake yi?" Na ce mata gaskiya nazarin ya fi yawa, amma akwai mujallar ɗalibai, kuma ƙarfe goma sha biyu ina da aji a kan ƙagaggun labarai. Uban ya dubi agogo, don yana son su wuce Benishek kafin la'asar. Ta ce, "Baba, awa ɗaya ce." Ya tattara babbar rigarsa ya fita ya zauna a gindin darbejiya, ita kuma ta bi ni, ta zauna a kujerar ƙarshe kusa da taga, ambulan ɗinta a kan cinya.